Hannun da ya ƙi almakashi

Ɗana,

Bayan gaisuwa, ya jikin mahaifiyarka, ya yara? Allah Ya raya mana su.

Tun ina saurayi nake jin wai tela kan wayi gari garau, amma hannunsa ya ƙi almakashi. Na ce tatsuniyar malalata ce.

Ni lafiyata ƙalau, kada ku damu. Sai dai bayan shekara talatin kan keken ɗinki a ƙasar mutane, yau kwana tara ina zuwa ƙofar shagona da makulli, in tsaya, in juya. Gobe zan mayar wa kowa yadinsa, in huta.

Ka roƙa min gafarar mutum na ƙarshe da ya ba ni labarin nan, ranar da ya rufe nasa shagon, na yi masa dariya. Mahaifinka ne.

Baffanka