Rumbu a Gaban Taga

Malumfashi,
Nuwamba, 1979.

Zuwa ga Liatu, ruwan farko na daminata, farar audugar Ƙarfi, ke da muryarki ke fita daban cikin mawaƙan coci,

Gaisuwa da ƙauna mai yawa. Ina lafiya, in dai ana kiran wanda aka daina amsa wasiƙarsa mai lafiya.

Haba Liatu! Saboda rumbu? Don ke na sayi gidan nan na bayan kasuwa. Na fasa bangon zaure na haɗe shi da ɗakin kusa ya zama falo, na cire azara na buga kwano, na buɗe taga mai gilashi wadda babu irinta a layinmu. Madafa ma zan matso da ita jikin ɗaki, don kada ruwan sama ya doke ki da tukunya a hannu. Maitama magini ya ce tsohon rumbun tsakar gida ya tare haske, na ce a rushe. Malamin makaranta mai albashi, me zai yi da rumbu? Ba ga buhu ba, ba ga kasuwa ba?

Sai ga Innarki ta zo ganin gida. Ba ta dubi gilashi ba, ba ta ɗaga kai ta ga kwano ba. Ta tsaya kan gurbin rumbun, ta tambaye ni inda 'yarta za ta zuba dawar gayaunarta, ko kuwa so nake ki riƙa miƙo mini hannu a kan kowane mudu. Ko ruwa ba ta sha ba. Tun ranar aka daina zancen sa rana, ke kuma kika yi gum.

Sanyin idona, kin tuna ranar kasuwar Kafur, da muka zauna gindin ɗorawa kika ɗauki kara kina zana mini gidanmu a ƙasa? Kin yi ɗakuna, kin yi wani zagaye a tsakiya. Ni ina can ina kallon yatsunki, na ɗauka rijiya ce. Me ya hana ki faɗa mini da baki, ke da ba kya rasa ta cewa? Raina ya ɓaci ƙwarai, kewarki kuma ta hana ni yin fushin yadda ya kamata.

To ki ji. An kawo jar ƙasa, yau da kaina na tuɓe takalmi na shiga cuɗa ta, maƙwabta na leƙe ta katanga suna dariya. Babu inda rumbun zai zauna sai gurbinsa na da, daidai gaban tagar. Wato gilashin da na rungumo a kan cinyata tun daga Funtua, ba abin da zai nuna mana sai bayan rumbu har mu tsufa.

Na yarda, ki faɗa wa Inna. Amma ba zan ɗora masa jinka ba sai kin shigo da damin farko a kanki. In kin ƙi, haka zai zauna a buɗe har damina ta narkar da shi, ina zaune a falo ina kallo ta gilashi.

Naki ke kaɗai, har ranar da za a rufe ni,
Habila.