Rukaiya da Wuyan Rigata

Agye, Maris 1992

Zuwa ga yayana Hamisu,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta iske ka lafiya da iyali a Abijan, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Gwaggo da ke tashi, da jam'iyyu da suka fi rumbunan garin yawa.

Zancen ɗiyarka Rukaiya ne ya hana ni sakewa. An turo su daga lakol, makarantarsu ta jinya, zuwa asibitinmu don jarrabawar aikin jinya, wadda ake yi a kan mutum-mutumin roba. Ranar, mai riƙe da mabuɗin ɗakin kaya yana yajin aiki, tunda yanzu kowa ya san haƙƙinsa. Sai aka ce ni, majo guda, shugaban masu jinya, in kwanta in yi kamar numfashina ya ɗauke. Abin da ake so ɗalibi ya girgiza ni, ya kira sunana, ya buɗe riga, ya nuna inda zai danna ƙirji. Yaran mutane sun yi, wani ma da jin daɗi.

Da aka zo kan Rukaiya, sai ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta ce, "Baba, sannu da jiki." Ta tsaya tana jiran gawa ta amsa. Madam Mariyama mai ba da maki ta bari har lokaci ya cika, ta sanar cewa na rasu. Daga baya ta tambaye ni ko a ɗaga mata ƙafa, tunda a takarda ba wanda ya kamo ta. Na ce a'a.

Ƙanwarmu Tani ta zo har gida ta ce na kayar da jinina don yarinya ta yi ladabi. Ni kuwa Gangara nake tunani, inda za a iya tura ta. Can duk wanda aka kawo a amalanke kawunta ne ko kakanta.

Za ta sake gwadawa da damina. In ta faɗi, sallama ce. Kullum bayan la'asar ina kwanciya a zaure don ta gwada a kaina. Jiya hannunta ya kai wuyan rigata, ta janye, tana neman gafara. Ka rubuto mata, Yaya. Mu muka koya mata wannan kunya, kuma daga bakinka kaɗai za ta yarda an sauke mata.

Ka gaishe da Mairo da Mumuni. Gwaggo tana sa albarka.

Ƙaninka marigayi na wucin gadi,
Labo