Motar da Ta Fi Ƙarfin Garejin Garinmu

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya sayar wa ɗana mota a Kano,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Sunana Alhaji Sule, manomi ne ni a Fagam ta ƙasar Gwaram. Na rubuto a fili ne don na san ba ni kaɗai abin nan ya shafa ba.

Shekara da shekaru ina da wata tsohuwar a-kori-kura. Ita ke kai min gero da dawa kasuwa, ita ke kai masu naƙuda asibiti a Birnin Kudu. In ta fara gardama, sai in gangara wurin Malam Ado bakanike, abokina tun ƙuruciya. Muna hira a inuwar darbejiya zai wanke kafireto, ya canza filogi, kafin la'asar ta tashi. In wani ƙarfe ya ci, shagon gaba akwai shi, sabo ko na gwanjo.

Bara ɗana Nasiru ya ga tsufa ya kama ni, ya sayo min jif a wurinku, na rabu da tsohuwar. Allah ya yi masa albarka. Ga kukana.

Na farko, ko juyen baƙin mai ne sai an zo Kano, wai nata mai daban ne. Abin da nake kashewa a sabis ɗaya, da can ya ishe ni gyaran shekara.

Na biyu, da damina wata fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, mota ta ƙi tashi. Ado ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya rufe. Ya ce, “Sule, wannan ba ta hannuna ba ce, sai da kwamfuta.” Ban taɓa ganin ya sunkuyar da kai a gaban mota ba sai ranar. Janwe ya kawo muku ita. Injiniyanku ya yi min bayani cikin ladabi: irinta ba ta da yawa a gari, shi ya sa 'yan kasuwa ba sa ajiye kayanta, sai an yi odarsu daga waje da dala. Kuma ɗan abin da ya mutu ba a sayar da shi shi kaɗai, sai da akwatinsa baki ɗaya. Na gamsu. Amma me ya hana a faɗa wa Nasiru haka ranar ciniki?

Na uku shi ya fi ci min rai. Motar tana garejinku ana jiran kaya, ƙanwata Hajiya Mairo ta yanke jiki ta faɗi a Farin Dutse. Aka aiko min kamar yadda aka saba, ba ni da abin hawa. A kan babur aka kai ta asibiti, ɗanta na riƙe da ita ta baya, ruwa na dukansu. Allah ya yi da sauran kwananta.

Roƙona shi ne ku riƙa gaya wa mai saye gaskiyar abin da riƙon motar zai ci. Ku ajiye ƙananan kayan gyara a hannu, ku koya wa makanikanmu aikinta.

Mota dai ta dawo, tana ƙofar gida a lulluɓe. Maƙwabtan da suka saba buga min ƙofa in lalura ta taso sun daina. Sun ce ba sa so su jawo min asara.

Allah ya ƙara wa kasuwarku albarka, ya sa ku duba.

Wassalam,
Alhaji Sule, Fagam.