Baturen da Ya Koya Mini Mutuwa

Ku da kuke leƙen wasiƙar mutane ta bayan kafaɗa, tunda kun zo, ga kacici-kacici ku riƙe. Mene ne aka ba ni ina da kwana bakwai a duniya, har rago ya rasa ransa a kansa, na ɗauko shi daga Kano na ratsa Chadi da Sudan bai ƙara wa kayana nauyi ba, amma mutumin da muka haura shekara arba'in a ɗaki ɗaya sau ɗaya tak ya taɓa shi? Ku yi ta tunani. Yanzu ku ɗan matsa, da mijina nake magana.

Zuwa ga Malam, maigidana, baban yara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da ladabi gwargwadon wanda ka san ina da shi, ina fatan makwanci ya yi maka faɗi da sanyi. Mu nan unguwar Rusaifa a Makka lafiya lau, sai gwiwa da ke ta shari'arta da matakala. Da yatsa ɗaya nake danna maka wannan a waya, da bokona na aji huɗu, in ka ga kuskure ka kawar da kai kamar yadda kake yi wa gishirin miyata.

Laifi na yi, kuma gara ka ji daga bakina. Aminiyata Hajiya Kaltume ba ta jin daɗin jikinta kwanan nan, ka kuma san bakinta, ba na so ta riga ni zuwa da labari.

Malam, na shiga fim.

Zauna. Kada ka tashi. Kuma kafin ka ɗaure fuska, ka tuna kai ne ka ɗauko talabijin a ka ka shigo da ita gidanmu na unguwar Tandabawi, kai ne kuma ka gano tashar nan ta Turanci. Ni ba na jin Turanci, kai ma ba ka ji, amma hakan bai taɓa hana ka fassara ba. In Bature ya yi magana mai tsawo sai ka ce, "Wai yunwa yake ji." In matarsa ta amsa sai ka ce, "Wai ya ci kansa." Shekara nawa ina yarda da kai, kai tela da ko lambar inci sai ka matso da tabarau.

A nan muka san Mai Gira. Kai ka raɗa masa, saboda girar nan tasa da ta yi kamar an liƙa masa tsintsiya biyu a goshi. Ba shi ne jarumi ba, bai taɓa zama jarumi ba. Yau mai gadin ƙofa, gobe likitan ƙauye, jibi tsohon matuƙin jirgin ruwa, gata ɗan sandan da ɓarawo ke wucewa ta gabansa. Ba a taɓa ba shi yarinya ya aura ba. Shi dai ya shigo, ya faɗi kalma uku, ya ɗaga gira, a harbe shi ko ciwo ya ɗauke shi. Da ya bayyana sai in ce ga mijina na biyu nan, kai kuma ka ce, "To ki shirya takaba, ba zai kai la'asar ba."

Ka tuna ranar da ya fito da siket mai zane-zane, gwiwoyinsa a waje kamar ƙullin fura? Ka yi dariya har hularka ta faɗi, ka ce ai kishinka ya ƙare, ba ka takara da mai ɗaura zani. Amma da daddare na ga ka zana siket ɗin a bayan kwali kana ƙirga ninkinsa. Tela dai tela ne.

Abin da ya sa na ƙi raina shi, mutuwarsa. Sauran in an harbe su sai su yi ta birgima kamar kazar da aka yanka ba a taka ba. Shi ba ya haka. Sai ya gyara maɓallin rigarsa, ko ya dubi ƙofa kamar akwai wanda ya ce zai zo bai zo ba, shi ke nan. Na zauna a kan matan unguwa da yawa a lokacinsu na ƙarshe, na san haka abin yake. Mutum yana tafiya hankalinsa na kan ƙaramin abu.

Ba mu taɓa sanin sunansa ba. Da rubutun ƙarshe ya fara hawa sama sai ka miƙa hannu ka kashe, wai talabijin ta yi zafi ta huta.

Bayan ka tafi, jikarka Rahma, 'yar babban ɗanmu, wadda ka bari tana makarantar sakandare, ta zama mace mai aikin haɗa fim a Jidda. Wata rana muna cin burodin tamis da wake sai ga Mai Gira a wani tsohon fim. Na ce mata ga abokin kishin kakanki. Ta ɗauki hotonsa da waya, kafin in gama tauna ta zaƙulo shi gaba ɗaya. Ashe mutumin Sukotland ne, can saman Ingila, siket ɗin nan kayan gadonsu ne na maza, ka ji kunya. Ubansa maƙerin jiragen ruwa ne, shi ma can ya fara, sannan ya bi 'yan wasan kwaikwayo gari-gari yana ɗaukar musu kaya. Sai da furfura ta fito masa aka sa shi gaban kyamara. Bai daina ba har ƙafa ta ƙi. Kuma ya rasu, Malam, ta gaske, shekarun baya, ba mu da labari.

Ta faɗa mini sunansa. Na gwada sau uku, kamar mai kakin majina, na haƙura. Amma ta nuna mini shi a rubuce a ƙarshen fim ɗin, can ƙasa, bayan na manya sun wuce. Ta ce duk fim ɗin da ya mutu a ciki, sunansa yana nan. Kai ne dai kake kashewa.

Watanni bayan nan ta zo tana sosa ƙeya, wai suna neman tsohuwar da za ta fito a matsayin kaka Bahausar Makka, mai maganar minti huɗu da mutuwa ɗaya. Wadanda suka gwada duk birgima suke yi. Na ce kawo mayafina.

An kai ni wani gida a Jidda, fitilu kamar ana biki. Sau shida na mutu kafin azahar, na tashi na ci shinkafa da kaza, na koma na mutu na bakwai. A na bakwai ɗin na tuna ka. Na tuna kana kwance, numfashi na ja, ka buɗe ido ka ce, "Takwara, kin kashe gas?" sannan ka yi shahada. Sai kawai na juya kaina wajen kicin ɗin gidan, na ɗan ɗaga yatsa. Da aka ce a tsaya, babu wanda ya yi motsi. Mai riƙe kyamara, ƙaton Balarabe, yana share ido da hannun riga.

To ga inda ta ɓaci. Wata mai yi mana kwalliya ta ɗauki hotona ina kwance ido rufe, an ja mini farin mayafi zuwa ƙirji, ta tura wa ƙawarta. Kwana biyu hoton ya isa wayoyin matan Tandabawi. Ranar Laraba bayan la'asar aka buga ƙofa, na buɗe da ludayi a hannu. Mata tara cikin baƙaƙen abaya, idanu jajur, Kaltume a gaba ɗauke da butar gahawa ta zaman makoki. Ta kurma ihu ta saki butar. Wata ta fara Ayatul Kursiyyu da ƙarfi tana tofa mini. Na ce su shigo, tunda sun zo gaisuwata ai sai in ba su ruwa.

Mun yi dariya har cikinmu ya ƙulle. Sai Kaltume, tana goge hawaye, ta faɗi abin da ya tsaya mini a rai har yau. Ta ce da safe sun so su aika Kano da Injamena a yi mini addu'a, suka tsaya a wajen rubutawa. Wance ta rasu, to wace ce wance? Suka dubi juna. Mata tara, wasu mun yi goyo tare, wasu ni na wanke gawar iyayensu. Babu wadda ta san sunana na yanka.

Ba laifinsu ba ne, kuma ba na ce naka ba ne. Sunana ɗaya da na mahaifiyarka, ranar da aka kawo ni gidanku aka ce ba mai kiran sunan Inna a tsakar gida, na zama Takwara. Yara suka zo na zama Ummi. Jikoki suka zo na zama Sitti, wato kaka a bakin Larabawa. A asibiti lamba ce ni. Na karɓa duka da hannu biyu, ladabi ne, na sani. Ni ma har yau ban taɓa kiran sunanka ba, ban kuma kira na ɗan fari ba, Babba nake ce masa yana da furfura.

Babban ne yanzu ya tayar mini. Labarin makokin ƙarya ya kai masa har ofishinsu na motocin alhazai. Ya zo ya tsaya a kaina, bai ko cire takalmi da kyau ba, yana ta faɗin abin kunya ne da Larabci, "Aib, ya Ummi, aib!" Wai fim ɗin ya wuce, ba yadda zai yi, amma ba za a rubuta sunan uwarsa a allo ƙartin Jidda su karanta ba, gobe abokan aiki su riƙa kiransa ɗan wance. A rubuta Ummu wane, in ji shi. Ka ji fa. Wato sunansa ne zai hau allo, shi da ko sau ɗaya bai mutu ba, ni da na mutu sau bakwai in koma bayan labule.

Na ce masa iyayenmu matan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yara ƙanana na haddace sunayensu a makaranta, ba wanda ya ce aib. Ya ce wannan daban. Na ce daban da me, ni a rijiya aka tsince ni? Ya ce in har aka rubuta, ƙafarsa ba za ta ƙara taka gidan nan ba.

Juma'a uku ke nan bai zo ba, Malam. Ina dafa tuwon shinkafa da miyar taushe yadda yake so, in ajiye kwanonsa, yamma ta yi in ba maƙwabta. Ba zan ɓoye maka ba, abin na ci na. Shi ne na goya a bayana ina sayar da gyaɗa a rana. In na ji ƙarar mota a ƙasa sai na leƙa.

Amma ka dubi inda kake. Na tambayi yaran da suka kai ka maƙabartar Shara'i, suka ce dutse ne kawai a kanka, ba rubutu, kamar na kowa. Ni ko ƙofar ban shiga ba. Ranar da aka sallace ka a Harami ba a ambace ka ba, cewa aka yi a yi salla ga mamata, ku da yawa a jere. Haka za a yi mini, kuma na yarda, haka ya fi, a gaban Allah ba a buƙatar allo. To amma kafin nan fa? Bature ɗan maƙera, mai fitowa minti biyu a harbe shi, an ba shi layinsa a ƙasa. Ni layi ɗaya nake nema. Ba a sama ba. Can ƙasa, bayan na manya sun wuce, inda masu gaggawa ke kashewa.

Kai ma ka san daɗinsa, kada ka yi mini fuskar malamai. Shekarar da muka yi hajji da ƙanwarka, gari ya waye a Muzdalifa, jama'a ta ɗauke ni kamar ruwa ta raba mu a tsakanin motoci. Ina ta juyi, kowa fari, kowa kama ɗaya. Ka ce ka yi ta kiran Takwara, ba wadda ta waiga. Ka kira Hajiya, mata ɗari suka waiga. Sai na ji sunana na yanka, da muryarka, ya taso ta saman kawunan mutane, har ƙarshensa ka ja. Na juya na nufo ka. Da ka riƙo hannuna, abin da ka fara cewa shi ne, "Allah ya sa Inna ta yafe mini." Ba ka sake ba har ka koma ga Allah. Ni kuwa shekara talatin ina jin sa a kunnena in na so.

Yau ce ranar ƙarshe da Rahma za ta iya canza rubutun. Ta bugo da safe muryarta ƙasa-ƙasa, tsakanin ubanta da kakarta, tausayi ta ba ni. Na ce ta gaya masa ni na sa ta, ya kawo fushinsa nan inda aka saba da shi. Na sa ta rubuta da Larabci da boko, da na mahaifina a gefe, ta karanta mini harafi-harafi. An rufe, an tura.

Ko Babba zai zo ranar Juma'a, ban sani ba. Zan dafa. In ya zo ba zan ce masa komai ba, zan zuba masa nama biyu. In bai zo ba zan dafa ta gaba. Uwa ce ni, ba inda za ni. Amma ba zan goge ba.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka kabarinka, ya jiƙan Inna da ta ara mini shiru na shekara arba'in ba ta sani ba. Allah ya sanyaya zuciyar ɗanka ya juyo mini da ƙafarsa. Allah ya ba Kaltume lafiya ta daɗe ba ta zo maka da gulma ba. In tawa ta zo ta gaske, Allah ya sa in cika da imani, ba birgima, gas a kashe.

Taka har kullum, mai jiran haɗuwa,
Takwara.

Ku kuma masu leƙe, amsar sunana ne. Zulaihatu, 'yar Idi majemi.