Wata Huɗu Ban Zauna Ciyayya Ba

Gwaggo Rakiya, don Allah ki taimake ni da shawara tun kafin zuciya ta kwantar da ni.

Ni ɗan kabu-kabu ne a Bukkuyum, shekarata ashirin da huɗu. Alhamdu lillahi ban rasa komai ba. Babur nawa ne, geronmu ya yi kyau bana, Inna lafiyarta ƙalau. Makarantar boko ce kawai ban taɓa shiga ba. Da tsofaffin jaridun da ake naɗe ƙosai na koyi karatu, ina tare masu wucewa ina tambayar baƙi ɗaya bayan ɗaya, har ga shi yau da hannuna na rubuto miki.

A unguwarmu muna ciyayya. Bayan magariba kowane gida sai a fito da kwano ƙofar Baba Tsoho, maza su haɗu a ci tare. In an wanke hannu ni ke karanta wa Baba wasiƙun ɗansa da ke Ibadan, don idonsa ya yi rauni. Rannan ina cikin karatu sai Halilu, wani sa'ana da ya gama sakandare a Gusau, ya ce a bar Malam Takardar Ƙosai ya yi ta lalube. Aka kwashe da dariya, har dattawa. Ni kuwa bakina ba linzami. Na tuna masa cewa da sakandaren tasa har yau babansa ke saya masa sabulun wanka, na ture kwano, na tashi.

Wata huɗu ke nan ban koma ba. Kuma kin sani, ƙato irina ba ya zama cikin gida tsakiyar mata yana cin tuwo, sai ya zama abin faɗi. To sai in ce wa Inna na ci a tasha. Alhali goro ne da shayi. Yanzu cikina zafi yake kamar an zuba barkono, mai kemis ya ce gyambon ciki ke son kama ni, bel ɗina ma sai da na ƙara masa huji. Fasinja ya yi murmushi, sai in ji kamar ƙosan nan yake tunawa. An ce wasiƙu uku na nan a aljihun Baba, ya ƙi ba Halilu. Ni ina ruwana? In na koma ai cewa za a yi yunwa ta koro ni. Mi zan yi, Gwaggo?

Ɗan kabu-kabu, Bukkuyum

AMSA

Ɗana, na karanta wasiƙarka ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wasu masu takardar shaida sai na goge tabarau sau uku kafin in gane nufinsu.

Halilu bai kyauta ba, haka dattawan da suka yi dariya. Amma kai ma ka tsoma mahaifinsa cikin faɗan da ba nasa ba, a gaban manya. Je ka ba dattijon haƙuri.

Sannan ka duba: sau ɗaya Halilu ya faɗi maganar nan, kai kuma wata huɗu kana nanata wa kanka ita, shi yana can yana cin tuwonsa da man shanu. Ba don ka ɗan yarda da shi a ranka ba, da ba ta hana ka ci ba. In mutum ya raina kansa, jikinsa ke fara ɗanɗanawa. Karatun da ka tsinta a takardar ƙosai abin tinƙaho ne. In sun sake kiran sunan, amsa da ƙarfi.

Je asibiti a duba cikin nan, kada ka tsaya ga mai kemis. Rage goro da shayi, ka daina yi wa Inna ƙarya, uwa ta san ramar ɗanta.

Ka ce ina ruwanka. Baba Tsoho ya yi wata huɗu bai ji labarin ɗansa ba, ga mai sakandare a gefensa, amma kai yake jira. Wace takardar shaida kake nema bayan wannan? Yau da magariba ɗauki kwanonka da kanka, ka ci ka ƙoshi, ka wanke hannu, ka ce Baba ya kawo wasiƙun.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya maka zuciya.