Kajin Gwaggo Indo da Kashi na Biyu

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Na ɗauki tallan shagon maganin dabbobi na Alhaji Sagir, na Ƙofar Marusa. Alamomin ciwon kaji: gyangyaɗi, farin kashi, wuya ya karkace. Ina zuwa kan abin da za a yi sai rubutun ya ƙare da "ku biyo mu a kashi na biyu". Na ce Alhaji ina sauran? Wai in an ba mutane duka yau, wa zai dawo gobe. Muryata ce dai ake yawo da ita a waya, ba tashi ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Gwaggo Indo ta biyo ni har gida. An kunna mata tallan, ta gane muryata. Kajinta sun fara nuna alamomin, kuma da ƙwansu take cefane. "Ɗiyata, mi za ni ba su?" Wallahi ban sani ba, karantawa kawai nake yi. Na ce ta ɗan jira. Ni da bakina!

Asabar, 12 ga Oktoba
Kashi na biyu shiru. Wai masu kallo ba su gama taruwa ba. Haushi kamar in fasa wayar.

Laraba, 16 ga Oktoba
Kashi na biyu ya fito. Lambar waya, hoton Alhaji yana murmushi gaban kwalaye, sai "ku biyo mu a kashi na uku". Na tsare likitan shagon a bakin ƙofa. Ya ce wanda ya kamu sai dai addu'a, abin yi shi ne a raba masu lafiya da marasa lafiya tun ranar farko. Maganar da ba ta kai numfashi ɗaya ba, ita ake ta ja wa rai.

Na hau mashin zuwa gidan Gwaggo a Ƙofar Durbi. Kajin duk a akurki ɗaya suke kwana. Gwaggo ba ta yi mani faɗa ba, har ruwa ta kawo mani. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Litinin, 21 ga Oktoba
Na ɗauki kashi na uku. Maganar likita na sa a farko, layin ƙarshe na "ku biyo mu" kuma ban karanta ba. Mantuwa ce, in Alhaji ya tambaya. Yana ta kira, wayar na cikin jaka.

Na leƙa Gwaggo da yamma. Ta share akurkin tas, gawayi take ajiyewa a ciki yanzu.