Dutsen da Muka Hau Bayan La'asar

Daga wani ƙaramin tsibiri kusa da Lombok, Indonesiya

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya ƙafar taki, ya zafin Makka? Ina fata Baba ya huce, ya daina cewa 'yan mata uku sun bazama duniya. Ga wasiƙar da kika ce sai na rubuto da Hausa, na turo ta waya, tunda a wurinki saƙon murya ba wasiƙa ba ne. In kin ga kuskure ki yi haƙuri, Larabci ya cinye min hannu.

Mun iso lafiya ni da ƙawayena Ghada da Abir, kowacce da jakarta a goye. Tsibirin babu mota ko ɗaya, sai keke da keken doki, ruwan teku kuwa garau, kana hango kifi a ƙasa. Ghada ta yi ta amai a kwalekwale tun daga tashi har sauka, tana rantsuwa ba za ta ƙara rabuwa da kwalta ba. Duk wanda ya ji daga Makka muke sai ya dafe ƙirji. Wata tsohuwa mai sayar da kwakwa ta kama hannuna ta sumbata, wai in yi mata addu'a, ni da sallar asuba ma sai kin yayyafa min ruwa. Na yi mata, amma kunya kamar in nutse.

Abin da ya hana ni sakewa Abir ce. Kin san sikilarta, kin kuma san da ƙyar mahaifiyarta Khala Maryama ta bari ta biyo mu. Abin da ba ki sani ba, ranar da za mu taho Khala ta ja ni kicin ɗinsu a unguwar Zahir, ta riƙe hannayena ta ce amana ta ba ni: in hana 'yarta shiga rana, in riƙa ɗura mata ruwa, kuma ko ciwon kai ta yi in sanar da ita. Na ce to. A cikin jirgi kuma Abir ta sa na yi mata alkawarin ba zan kai ƙararta gida ba, komai ya faru. Ashe Khala ta ce mata in ta dawo daga tafiyar nan lafiya lau, za ta bar ta ta karɓi aikin da ta samu a Jidda, ta zauna can. Nan ma na ce to. Kin san ni, in mutum ya yi hawaye a gabana ba na iya cewa a'a.

Yanzu ga ni da alkawari biyu da ba sa zama wuri ɗaya. Ki bar wannan a cikinki, ko kun haɗu da Khala a Harami kada ki nuna kin san komai. Ki gaida Baba da 'yar'uwata Hauwa, ki ce mata ta fita harkar turarena.

'Yarki mai kewarki,
Mujahida

Daga tsibirin Jawa

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa lafiya, ya jikin Baba da tarin nan nasa? Na ga amsarki, na kuma ji faɗan. Gaskiyarki ce, ba a rabon alkawari kamar dabino.

Mun bar bakin teku, mun yi ta hawa jirgin ruwa da bas da jirgin ƙasa har wani gari mai tsofaffin wuraren bauta na dutse. Umma, mu da muka tashi a Makka ba mu taɓa ganin gunki ido da ido ba, sai ga su jere, an sassaƙa su a zaune sun lumshe ido. Ghada ta toge a bakin ƙofa tana a'uziyya, ta ce ko da kuɗi ba ta shiga. Abir kuwa ta tattare abayarta ta haye matakalar har ƙoli, ina binta da gorar ruwa da laima kamar baiwarta. A can sama ta juyo ta balbale ni da faɗa a gaban Turawa, wai na zame mata uwa ta biyu, in ta so zama da Khala ai da ba ta baro Zahir ba. Ni ma ban raga mata ba. Ghada ce ta sasanta mu da soyayyar ayaba.

Washegari da safe na same ta tana murza gwiwarta a ɓoye. Na dafa ruwa na gasa mata da tawul, ta sha maganinta, kafin azahar ta miƙe. Ana cikin haka Khala ta kira ni a bidiyo, tana tambaya ko 'yarta ta yi ko tari. Na ce lafiyarta ƙalau, Abir tana bayan wayar ta zuba min ido. Tun lokacin abinci ba ya min daɗi.

Yanzu kuma ta kafe sai mun je yankin duwatsu, wai akwai wani dutse da in ka hau kana ganin gajimare a ƙarƙashinka. Na ce a'a, ta yi kwana guda ba ta kula ni ba, Ghada ma ta goya mata baya. Na sallama, amma da sharaɗin ni zan zaɓi lokacin hawa, don ba zan bari rana ta taɓa ta ba. Dutse dai ba baƙonmu ba ne, mu da muke hawa Jabal Nur da silifa, muka kuma tashi muna hawa tudun Nakkasa zuwa gidan kaka kafin a rushe unguwar.

Ki sa mu a addu'a in kin je ɗawafi. Ki gaida mutanen gida.

Taki,
Mujahida

Daga asibiti, a wani gari na gindin duwatsu

Umma,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. Ni da Ghada lafiyarmu ƙalau, Abir ce a kwance, amma tana da rai, tana gane mutane.

Mun sauka a wani ƙauye mai gonakin dankali da kabeji. Matar da muka kwana a gidanta ta ce mu hau dutsen da safe, tana nuna sama tana girgiza kai, har ta sa wayarta ta fassara mana. Na yi mata godiya, a raina ina cewa 'yan Makka za a koya wa dutse? A wurinmu wane mai hankali ne yake hawa da hantsi? Sai la'asar ta yi, zafi ya karye. Na zaunar da su a ɗaki duk safiya, gari fes, rana tana haskawa, ina ganin na cika amanar Khala. Bayan sallar la'asar muka kama hanya da 'yan rigunanmu marasa nauyi.

Umma, dutsensu ba irin namu ba ne. Namu tsirara yake, ko ina ka tsaya kana hango hasumiyar agogon Harami. Wannan daji ne, kuma a ƙasar nan da yamma ruwa yake zuwa. Mun wuce rabi gajimare ya sauko ya rufe mu, ko Ghada da ke gabana ba na gani sosai, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya, da wani sanyi da ban taɓa jin irinsa ba. Duk tunanina yana kan rana da ƙishirwa, na manta sanyi ma yana tayar mata da ciwon, ban kuma san iskar can sama ba ta isar mai sikila ba. Abir ta durƙusa a cikin taɓo tana riƙe da ƙirjinta, tana wani irin nishi. Na cire mayafina na naɗe ta, na goya ta, muna zamewa muna tashi, Ghada tana ihu. Wasu manoma ne suka ji mu, suka sauko da ita a babur.

Likitan mutumin kirki ne, ya ce ba kasafai suke ganin wannan ciwon a nan ba. Tana bukatar ƙarin jini, amma Abir ta ce tana ƙarama an taɓa ƙara mata jikinta ya ƙi karɓa, har aka fid da rai. Ba ta tuna komai game da shi. Khala ce ta san likitanta na Makka da irin jinin da ya dace da ita, shi kuma na nan ya ce ba zai saka mata ba sai ya ji daga can.

Abir ta cire abin numfashin da aka sa mata ta roƙe ni kada in faɗa, wai za ta warke da kanta kamar kullum, in Khala ta ji shi ke nan Jidda ta tafi. Leɓɓanta sun yi fari tana wannan magana. Ban ce mata to ba.

Umma, ki sa abayarki yanzu ki tafi gidan Khala da ƙafarki. Kada ki kira ta a waya, kin san hawan jininta. Ki zaunar da ita ki faɗa mata komai, har gwiwar da na ɓoye mata, sannan ku kira likitan. Tsoro nake ji, Umma.

'Yarki,
Mujahida

Daga asibitin dai

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ya gajiyar zirga-zirga, ya ƙafar da na sa kika taka? Allah ya saka miki da Aljanna. Likitocin biyu sun yi magana, an nemo jinin daga babban gari, an ƙara mata, jikinta ya karɓa. An cire abin numfashin, jiya har ta ci shinkafa. Alhamdu lillahi.

Khala tana hanya ita da Nu'uman, yayan Abir, za su tafi da ita da zarar likita ya yarda ta hau jirgi. Ta riga ta faɗa mata a waya cewa maganar Jidda ta mutu, ko Harami ba za ta ƙara zuwa ita kaɗai ba. Ni kuwa Khala ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Tambaya ɗaya ta yi min, wai ranar da ta kira a bidiyo na ce lafiya ƙalau, ina kallon idonta na faɗa? Na ce e, ta kashe wayar.

Abir ba ta min magana. In na shiga ɗakin sai ta juya fuska bango. Ta aiko Ghada ta ce min duk rayuwarta jira take a buɗe mata ƙofa, ni da ta fi yarda da ni na mayar na kulle. Ta ce in mun koma kada in taka gidansu. Wallahi na ji haushi, har na miƙe zan je in tuna mata wadda ta goyo ta a cikin taɓo. Sai na tuna wadda ta ce a jira la'asar, na koma na zauna.

Ba na nadamar aiken da na yi miki, Umma. Ko yau aka maimaita haka zan yi. Amma zafi yake min, don tun muna 'yan makarantar allo a Zahir ban taɓa yini ban ji muryarta ba in dai muna gari ɗaya. Ghada tana ta cewa za ta huce. Ni na fi Ghada sanin Abir.

A kan benci nake rubuta miki wannan, a barandar ɗakinta. Ghada tana ciki tana kwaikwayon ihun da ta yi a kan dutse, ina jin Abir tana dariya tana cewa ta bari ƙirjinta na ciwo. Ga shayinta na haɗa yadda take so, yana hucewa a gefena. In na shiga da shi za ta daina dariyar, shi ya sa nake jira Ghada ta fito ta kai mata.

Ki gaida Baba da Hauwa. Ki yafe min, ki ci gaba da yi mana addu'a, mu duka ukun.

'Yarki,
Mujahida